Ranar da Aka Ɗaure wa Goggo Tiburcia Kaya

To ai abin da nake faɗa muku ke nan, kar wani ya zo ya cika ku da surutun jaka mai zif goma da takalmin kanti. Rufino ya taɓa aiko wa uwarsa irin jakar nan daga birnin El Alto, ja wur, har da wani ɗan bututu wai na tsotsar ruwa. Albasa ake ajiyewa a cikinta yanzu. A Sayhuani in za ka hau dutse ka dawo a yini guda, zanen goyo ake shimfiɗawa a ƙasa, a jera maka kayanka, a ƙulle, a ɗora maka a baya. Kuma ba kai za ka ɗaure ba. Mutum ba ya ɗaure wa kansa kayan hawa a garinmu sai in ba shi da kowa. Wanda zai zauna jiranka shi ke ɗaure maka. In aka ga namiji ya tsuguna yana ƙulla nasa, kafin rana ta take kowa ya san matarsa ta yi yaji.

Uwar Rufino ɗin nan ita ce Goggo Tiburcia, maƙwabciyarmu. Ba dangin babana ba ce, duk yaran unguwa Goggo muke ce mata. 'Yar kwari ce, can ƙasa inda masara da lemo ke yi. A bikin coci ta ga Baba Anacleto yana busa sarewa, dogo, siriri, kunnuwa kamar hannun tukunya, ta ce ita fa wannan take so. Danginta suka ce za ki mutu da sanyi a can sama. Ta tattara kayanta ta biyo shi. Yau shekara arba'in da wani abu ke nan, kuma har gobe tana ƙorafin sanyin.

Surukarta ce ta koya mata ɗauri, amma ta wuce ta nesa ba kusa ba. Duk shekara kafin shuka maza kan hau tafkin da ke bayan dutse su share bakin magudanar da ke kawo mana ruwa. Ban da masu kiwon lama, dabbar nan tamu mai dogon wuya kamar ɗan raƙumi, da masu neman ɓatacciyar tunkiya, da samarin da ke hawa don kawai su burge 'yan mata. Rabinsu ta ƙofar Goggo suke bi. Wasu ma matansu ne ke kawo zanen da kansu su ce, "Goggo, duba min, ji nake kamar na manta wani abu."

Abu mai laushi take fara sawa, bargo ko suwaita, daidai inda zai kwanta a gadon baya. Abinci a tsakiya, a naɗe cikin ƙyalle don ya riƙe ɗumi: dafaffen dankali, busasshen dankalin nan da muke kira cunyo, soyayyen wake, ɗan yankin cuku. Kuma na mutum biyu take sawa ko kai kaɗai ne, wai a kan dutse ba a ci a bar wani yana haɗiyar yawu. Gishiri da yaji ta ƙulle su a bakin ƙyallen. Goran shayi a gefe, ganyen koka na taunawa don rage gajiya inda hannu zai kai, safa ta canji, ashana, 'yar wuƙa. Sannan babbar leda a can sama, domin dutsen nan ba shi da kunya, ka bar gida rana tana dariya, kafin ka ankara ƙanƙara ta rufe ka.

Wannan kowa ma zai iya koya. Abin da ba a iya koya ba shi ne kallon da take wa mutum kafin ta ƙulle. Sai ta tsaya ta dube ka daga hula har takalmi, ta shiga ɗaki ta ɗauko wani abu guda ta tura ciki ba ka gani ba. Mai shan giyar daren jiya zai tarar da lemon tsami. Mai sabon takalmi zai tarar da kitsen tunkiya na shafa wa dunduniya. Ni ranar da na fara hawa audugar mata na tarar, na ce wannan tsohuwa ta raina ni, kafin mu sauko ina gode wa Allah.

Doka ɗaya gare ta: ba a kwance ɗauri sai a Dutsen Hutu, wani faffaɗan dutse da ke tsakiyar hanya inda ake zama a ci abinci. Wai mai kwancewa tun a ƙasa shi ne zai cinye guzurinsa da safe, ya jefar da leda don ya ga rana. Ta taɓa bin Baba Anacleto da ludayi har bakin gari saboda ya leƙa nasa.

Ita kuwa ba ta taɓa hawa ba. Ko sau ɗaya. Kullum akwai dalili: goyo a baya, ciki a gaba, suruka a kwance, tukunyar miyar da take sayarwa ranar kasuwa, daga baya jikoki. Kuma mai ɗauri ai shi ne mai jira. Tafkin a bakin mijinta kawai ta san shi. Duk shekara in ya sauko, tana gasa masa ƙafa da ruwan zafi, sai ya ce, "Uwar Rufino, shuɗi ne shar, kamar siket ɗinki na biki." Ta ce, "Uhm. Miƙo ɗayar ƙafar."

Sai idonta ya fara. Da fari zare ne ya ƙi shiga allura. Sai ta zuba sukari a miya. Rufino ya zo ya kai ta wajen likita a birni. Ba yanar ido ba ce da za a kankare, in ji likitan, abu ne da zai yi ta rufewa a hankali, kuma ba ya jira. Goggo ba ta yi kuka ba, a gabanmu dai. Ta koma kan tukunyarta. Amma da rani ya kusa ƙarewa, wata safiya tana ɓare wake, ta ce wa mijinta ba tare da ta ɗago ba:

"Tsoho, jibi zan hau."

"Ina?"

"Kan gadonka. Ina ake hawa a garin nan? Tafki."

Baba Anacleto ya ajiye igiyar da yake tufka. "Ke? Da waɗannan gwiwoyin?"

"Da naka zan hau? Damina ta kusa, in ruwa ya sauka hanya ta rufe. Baɗi kuwa ko ka kawo min tafkin a kwano ba zan gan shi ba. Shekara arba'in ina wanke maka wando da ruwansa. Ina so in ga inda yake fitowa."

Bai ƙara musu ba, don ya san gaskiya ta faɗa. Abin da ya rage shi ne wa zai ɗaure mata. Nasa dai ita za ta yi. Na ce ni zan yi nata, ta ce, "Ke da ko gashinki ba ki iya ɗaurewa ba?" Ta so ta yi abinta da kanta a ɓoye, Baba Anacleto ya ce sam.

"Ina raye matata ta ɗaure wa kanta kaya? A ce me a gari, na mutu?"

"Kai ko ƙullin gishiri ka taɓa yi?"

"Na daɗe ina kwance naki. Wanda ya iya kwancewa ai ya ga yadda aka ɗaure."

"Allah ya jiƙaina," in ji Goggo, ta jefa masa zanen.

Ya shige ɗakin ajiya ya turo ƙofa, har da sa dutse a baya. Tana jin ƙarar tukwane, tana jin abu ya faɗi, tana jin yana zagin kyanwa. Ta je ƙofar ta ce, "Leda a sama!" Ya ce, "Koma, ba ruwanki." Ta koma ta zauna gaban nasa zanen. Kun zaci Goggo wawuya ce? Komai biyu ta sa masa: leda biyu, safa biyu, gishirin da zai ishi biki.

Gari na wayewa suka fito. Da ya ɗora mata ɗaurin sai da ta yi baya kamar za ta zauna.

"Wayyo! Me ka sa a ciki, uwarka?"

"A bar mamaciya ta huta. A Dutsen Hutu za ki gani. Dokar wa ce?"

Ta yi ƙwafa, ta gyara ƙullin a ƙirji, ta ɗauki sanda. Shi ma da ya ciccibi nasa ya ɗan yi nishi ya kalle ta, ta kau da kai.

Tafkin nan da safe ake ganinsa. Rana na karkatawa gajimare ke tasowa daga kwari ya zauna a kansa, shi ke nan sai gobe. Kowa ya sani, Goggo ma ta sani, ita ce ma take korar mutane da wuri saboda haka. Shi ya sa ta fara da sauri, tana gaba yana baya yana faɗa mata, "Dutse a hagunki. Rami. Ɗaga ƙafa." Suka wuce gonakin dankali, suka wuce garken ƙarshe, suka bi gefen magudana. Ruwan na gangarowa, su suna hawa.

Ba a jima ba saurin ya ƙare. Wani abu mai tauri yana tokare ta a ƙasan kafaɗa duk takun da ta yi. Ta gyara, ya koma ɗaya gefen. Numfashi ya fara yi mata wuya, ta cusa koka a kumatu, ta ci gaba. A ranta tana ta lissafi: tukunya ce? Rediyonsa ne? Ko icen girki wannan mutumin ya ɗora mata, alhali tun daga gida ake dafa abincin hawa?

"Kawo in riƙe miki," in ji shi.

"Kowa nasa. Ka taɓa ganin na karɓar wa wani?"

"Ai ba ki taɓa hawa ba balle ki karɓa."

"Rufe min baki, ina tattalin numfashi."

Tsayawa ta yi yawa. Tana jingina da sanda, ƙirjinta na bugawa har a kunne, ta ɗaga kai ta ga abin da idonta ya ga dama ya nuna mata: duhu a ƙasa, haske a sama. A haka Casilda mai kiwon lama ta tarar da su tana gangarowa da dabbobinta.

"Lale! Amarya da ango! Ina zuwa haka, yawon amarci?"

"Gidan ubanki za mu," in ji Goggo. "Ya sama?"

Casilda ta daina dariya. Ta dubi ɗaurin, ta dubi fuskar Goggo, ta waiwaya kwari. "Gajimare ya fara motsi, Goggo. In za ku gani, sai kun ɗaga ƙafa. Wa ya yi miki wannan ɗaurin kamar na mai gudun hijira?"

"Ga shi nan tsaye, yana jin ki."

Da suka isa Dutsen Hutu rana ta riga ta wuce inda ya kamata ta same su. Goggo ta zube a kan dutsen, ta kwance ƙullin. Bargo. Ta yaye. Wani bargon. Ta yaye. Hannunta ya sauka kan itace mai santsi, ƙafafu uku. Ba ta buƙaci ido ba. Kujerarta ce 'yar tsuguno ta bakin murhu, ta icen turare, wadda ko jikokinta sai da hannu biyu suke ɗagawa. A ƙarƙashinta an cusa dankali cikin hula, ta latsa guda ta ji bai ma dahu ba. Babu gishiri. Babu leda. Babu safa.

Da ta buɗe baki muryarta ƙasa-ƙasa ta fito, kuma wannan ya fi ihunta ban tsoro.

"Anacleto. Rana ɗaya na roƙa. Guda ɗaya a duk zamana da kai. Ka ɗora min kujera na hau dutse da ita kamar jaka, ka cinye min safiyata. In ba ka so in zo ai sai ka faɗa tun a gida."

Ya cire hularsa yana murza ta. Tsohon nan ba gwanin magana ba ne, sarewa ce bakinsa.

"Bakin tafkin duk fadama ce," ya ce. "Babu wurin zama, ko dutse guda. Mu a tsaye muke aiki mu juyo. Ke kuma ba ki iya doguwar tsayuwa yanzu."

"To sai me? Kallo ɗaya zan yi."

"Kallo ɗaya ba ya isar ki, Uwar Rufino." Ya ci gaba da murza hular. "Ina lura da ke. In Rufino ya shigo, ba kya gane shi nan take. Sai kin zauna, kin tsayar da kai, kin daɗe kina kallo ta gefe, sannan fuskarsa ta fito miki. Haka kike yi da kaji, haka kike yi da ni. In kika je can kika tsaya gwiwa na ciwo, za ki ce kin gani don mu tafi, alhali ba ki ga komai ba. Na ce gara ki zauna."

Goggo ta ɗauka babu wanda ya san wannan dabarar tata. Ko likita ba ta faɗa wa ba. Ta shafa kujerar, ta ja hanci, ta goge da bakin mayafi.

"To don me ba ka ɗauko ta da kanka ba, jakin Allah?"

"Da kin gan ta a hannuna za ki bari ta fito daga gida?"

Ba za ta bari ba, ta sani. Ta miƙa hannu. "Kwance naka mu ci. Da sauri."

Ya kwance, ya ga leda biyu, safa biyu, ya ɗago ya dube ta. "Ashe haka kika yarda da ni."

"Na yi ƙarya? Ci."

Suka ci a gurguje. Ta cusa bargunan da ɗanyen dankalinsa a ƙarƙashin dutse, ta ɗaure ledoji da goran shayi a nata zanen, shi ya saɓa kujerar a kafaɗa. Yanzu bayanta ya yi sakayau, amma gwiwa ta riga ta gaji, kuma sauran hanyar ta fi tsayi. Ta riƙe bakin rigarsa. Iska ta sauya, ta yi sanyi, ta fara kawo warin ruwa. Ƙanƙara ta ɗan watso musu, suka lulluɓa da leda ba su tsaya ba. Yana waiwayen kwari, ba ya faɗa mata abin da yake gani, ita kuma ba ta tambaya.

Sai ƙasa ta yi laushi a ƙarƙashin takalminta, ruwa ya shiga yatsunta. Ya ce, "Mun zo."

Ya danna ƙafafun kujerar cikin ciyawa har suka zauna daram, ya zaunar da ita, ya juya mata kafaɗa inda ya dace. Ya tsaya ta gefen iska ya baza leda da hannu biyu. Gajimare ya riga ya cinye can ƙarshen tafkin, yana tahowa.

Goggo ta duba. Toka-toka kawai, sama da ƙasa duk ɗaya. Zuciyarta ta karye.

"Na gani," ta ce. "Yana da kyau. Mu tafi."

"Ƙarya kike. Zauna."

Ta zauna. Ta tsayar da kai, ta ɗan karkata shi, ta bar idon ya huta. Iska na kaɗa ledar, tsoho bai sauke hannu ba. Can sai tokar ta rabu biyu, ta sama mai haske, ta ƙasa mai duhu. Sai duhun ya yi baki, ya lanƙwasa, ya yi faɗi fiye da yadda ta taɓa zato. Sai wasu fararen ɗigo biyu suka motsa a kansa.

"Akwai abu fari yana tafiya."

"Dinya ce. Mata da miji."

"Wacce ce macen?"

"Wadda ke gaba tana masifa."

Ta yi dariya har da tari, ba ta ɗauke ido ba. Ta ga inda ruwan ya tsuke ya shiga magudana, ɗan siriri kamar zare. Ta daɗe a kansa. Sannan ta ce:

"Tsoho."

"Na'am."

"Baƙi ne. Baƙi ƙirin. Shekara arba'in kana ce min shuɗi."

"Da safe shuɗi ne."

"Wa ya hana ni safiyar?"

Ta laluba ta kama ƙafar wandonsa ta riƙe, suna nan har gajimaren ya iso ya shafe dinyoyin, ya shafe bakin ruwan, ya jiƙa musu fuska.

Da magariba suka shigo gari, rabin unguwa na tsaye a bakin hanya. Ba kujera. Goggo ta ce a bar ta a can, ba ita kaɗai ce tsohuwa a Sayhuani ba. Yanzu a kan kifaffen bokiti take zama ta yi girki, kuma idon ya kusa tafiya duka, da murya take gane mu. In kika tambaye ta labarin tafki, ba za ta ce miki komai kan ruwa ko dinya ba. Cewa za ta yi, "Mutumin nan fa ko gishiri bai sa min ba," ta ɗaga murya yadda zai ji daga tsakar gida, tana murmushi.

Mata a bakin famfo har yau sun rabu biyu. Wasu sun ce ya kusa kashe ta, ya kuma cuce ta shuɗin da ta je nema. Wasu sun ce su dai a ba su irinsa ko da kunnuwan. To ke da kike karantawa, in naki ne ya ɗora miki kujera har kan dutse ya manta gishiri, zaginsa za ki yi ko me?